Jarumta a kan ƙanƙara: abin da Kofin Stanley ke karɓa daga jikin ɗan wasa

Ranar 5 ga Yuni, 2013, a birnin Boston na Amurka, ana wasan hoki na ƙanƙara, an tura ɗan wasa ɗaya na ƙungiyar Boston Bruins zaman horo na minti 2, aka bar mutum 4 suna kare raga daga mutum 5 na Pittsburgh Penguins. Faifan wasan, wato ɗan abin robar da ake bugawa a madadin ƙwallo, ya isa gaban Evgeni Malkin, ɗan Rasha mai nauyin hannu, ya ɗaga sanda ya sheƙo shi da iya ƙarfinsa. Gregory Campbell ya zube a gaban harbin ya tare da jikinsa. Faifan ya same shi a ƙafar dama, ya karya masa ƙaramin ƙashin ƙwauri. Alƙali bai busa ba, domin a ƙa'ida ba a tsayar da wasa saboda wanda ya ji ciwo muddin faifan yana hannun abokan karawa, sai in abin ya yi muni ƙwarai. Campbell ya lallaɓa ya miƙe a kan ƙafa ɗaya, ya dogara da sanda, yana ɗingishi yana miƙa ta domin tare hanya, fuskarsa a murtuke. Kusan minti guda ya yi a haka kafin 'yan'uwansa su fitar da faifan daga yankinsu, sannan ya ja jiki zuwa benci, 'yan kallo suna kiran sunansa. Pittsburgh ba ta ci ba a wannan damar. Shi kuwa bai sake taka ƙanƙara ba har kakar ta ƙare.

Campbell ba tauraro ba ne. Yana cikin 'yan layin ƙarshe, waɗanda ake sa wa su yi aikin wahala na ɗan lokaci su koma su zauna. Amma duk shekara idan watan Afrilu ya kama, aka shiga wasannin fitar da gwani na NHL, babbar gasar hoki ta Kanada da Amurka, sai an sake nuna wannan minti guda nasa. Mutanen Kanada da Amurka suna da kalma ɗaya da suke yabon irinsa da ita, wadda a Hausa sai mun raba ta gida-gida: akwai jarumta, akwai juriya, akwai dakiya, akwai taurin rai, akwai kuma taurin kai. Rikicin da ake yi tsakanin masu yabon tsananin wannan wasa da masu sukarsa, a ganina, ya samo asali ne daga zuba waɗannan abubuwa duka a tukunya ɗaya.

Kafin a gane dalili sai an san filin. Fili ne na ƙanƙara mai tsawon ƙafa 200 da faɗin ƙafa 85, an kewaye shi da katanga mai tauri da gilashi a samanta, saboda haka babu layin gefe da mutum zai fice ya tsira. Kowane ɓangare mutum 6 ne har da gola, suna sanye da takalma masu kaifin ƙarfe a ƙasa, suna gudun da ya wuce kilomita 30 a awa. Abin da ake bugawa ɗan faifan baƙar roba ne mai nauyin kusan giram 170, wanda ake daskararwa kafin wasa, kuma masu ƙarfin hannu suna harba shi da saurin da ya kai kilomita 160 a awa. Doka ta yarda ka bangaje wanda ke riƙe da faifai da kafaɗa ko ƙugu, ka matse shi da katanga. Saboda tsananin gudun, ɗan wasa ba ya wuce kusan daƙiƙa 45 a fili sai a canza shi, ya huta, ya sake dawowa.

A kakar wasa ta yau da kullum ƙungiyoyi 32 ne, kuma tsawon shekaru kowace ta riƙa buga wasa 82. Yau kana wannan gari, jibi kana wancan, wanda ya ɓata maka rai sai bayan wata biyu ku sake haɗuwa. Wasannin fitar da gwani ba haka suke ba. Ƙungiyoyi 16 ke shiga, zagaye 4 ake yi, kuma a kowane zagaye ƙungiya biyu za su yi ta karawa da juna har ɗaya ta ci wasa 4 cikin 7. Wato sai ka ci wasa 16 cikin kusan wata biyu kafin ka ɗaga Kofin Stanley, kofin da Lord Stanley, gwamna janar na Kanada, ya bayar a 1892. Mutumin da ya matse ka da katanga daren Litinin shi ne zai matse ka daren Laraba da na Juma'a, a daidai wurin da ya kumbura. Ya san hannun da kake karewa. Ya san abin da ke tunzura ka. Daga nan ne ma'anar jarumta take canzawa.

Wanda bai san wasan ba yakan ɗauka dambe ne jarumtar, kuma yana da hujja. Hoki na ƙanƙara na Arewacin Amurka shi ne babban wasan ƙungiya da mutum biyu za su jefar da safar hannu su naushi juna, alƙalai na tsaye suna jira, sannan a ba kowanne horon minti 5 ya dawo. A shekarun 1970 ƙungiyar Philadelphia Flyers ta mai da tsoratarwa dabarar wasa, ta ɗauki kofin a 1974 da 1975. Ɗan wasanta Dave Schultz ya tara minti 472 na horo a kaka guda, adadin da har yau babu wanda ya kamo. Daga wannan zamani kusan kowace ƙungiya ta riƙa ajiye dogari, ƙato wanda aikinsa shi ne ya rama wa tauraro in an taɓa shi. Sai dai a 1976 Montreal Canadiens, masu gudu da gwaninta kuma ba sa jin tsoro, sun share Philadelphia da wasa 4 ba ko ɗaya a zagayen ƙarshe, suka riƙe kofin shekara 4 a jere.

Abin lura shi ne, da an shiga wasannin fitar da gwani dambe yakan ja baya, dogarawa da yawa kuma su koma kallo daga saman rumfar 'yan kallo. Koci yana da gurbin mutum 18 ban da gololi, ba zai ɓata ɗaya a kan wanda bai iya komai ba sai naushi. Kuma wanda ya tsokano faɗa ana ƙara masa minti 2, ƙungiyarsa ta zauna da mutum 4 a gaban 5, a wasan da ƙwallo ɗaya ke raba gardama. Shi ya sa damben da ake tunawa a wannan mataki kaɗan ne, kuma na manyan 'yan wasa ne da kansu. A wasa na 3 na zagayen ƙarshe a 2004, Jarome Iginla, kyaftin ɗin Calgary Flames wanda mahaifinsa ɗan Najeriya ne, ya dambace da Vincent Lecavalier, tauraron Tampa Bay. Iginla ya dawo daga horo ya taimaka aka ci ɗaya, ya ci ɗaya da kansa, Calgary ta yi nasara 3 da nema. Duk da haka Tampa Bay ce ta ɗauki kofin a wasa na 7.

To ina jarumtar take? Tana kusurwar fili, inda kyamara ba ta cika tsayawa ba. Abokan karawa sukan jefa faifan can bayan raga da gangan, su biyo shi a guje. Mai tsaron baya dole ya juya ya je ya ɗauko, fuskarsa na kallon katanga, bayansa a buɗe, yana jin ƙarar takalman wanda ke tahowa. Zaɓi biyu gare shi. Ko ya yi sauri ya watsar da faifan ko'ina domin ya kauce wa bangaza, ko ya ƙara rabin daƙiƙa, ya ɗaga kai, ya miƙa wa ɗan'uwansa daidai kan sanda, sannan ya karɓi duka. A wasa na farko kowa na iya yin na biyun. A wasa na 6, bayan an nika haƙarƙarinsa sau talatin, jiki da kansa yake cewa a watsar. Ƙungiyar da ke matsa lamba ba ta tsammanin bangaza ɗaya ta ba ta ƙwallo. Jira take ranar da wannan mai tsaron baya zai fara waiwaye kafin ya taɓa faifai, domin daga ranar kuskure zai fara fita daga hannunsa.

Haka abin yake a gaban raga. Gololin wannan mataki sun ƙware ta yadda harbin da suka gani da wuya ya wuce su, saboda haka sai wani ya je ya tsaya a gabansu ya tare musu gani. Mai wannan aiki yana shan sanda a gadon baya daga masu tsaron baya, yana kuma fuskantar harbin ɗan ƙungiyarsa da ke tahowa ta inda yake tsaye. 'Yan wasa da masu kallo sun daɗe suna cewa alƙalai kan sassauta busa a ƙarshen wasa da ƙarin lokaci, abin da za a hukunta a watan Nuwamba a bar shi ya wuce a watan Mayu. Ƙwallayen da ke fitar da ƙungiya galibi ba su da kyan gani: faifai ya bugi gola ya faɗo, wani da ke kwance rabi a ƙasa ya tura shi ciki.

Wayne Gretzky, wanda babu kamarsa a tarihin wasan, ya sha ba da labarin yadda ya gane haka. A 1983 ƙungiyarsa ta matasa, Edmonton Oilers, ta sha kashi wasa 4 a jere a hannun New York Islanders, waɗanda suka ɗauki kofi na 4 ke nan a jere. Da zai fita sai ya bi ta ƙofar ɗakin masu nasara, yana zaton zai ji ihu da shagali. Abin da ya gani mutane ne zaune jigum, sun gaji tilis, an ɗaɗɗaura musu ƙanƙara a gwiwa da kafaɗa, alhali shi da abokansa da aka doke suna tafiya garau. A shekarar da ta biyo Edmonton ta doke Islanders ta ɗauki kofin.

Irin wannan darasi Tampa Bay Lightning ta ɗauka a zamaninmu, kuma nata ya fi ɗaci. A kakar da ta ƙare a 2019 ta ci wasa 62, ta kamo tarihin da ba a taɓa wucewa ba a lokacin. Ta haɗu da Columbus Blue Jackets, waɗanda da ƙyar suka samu shiga. A wasan farko Tampa ta yi gaba da 3 da nema, aka farke aka doke ta 4 da 3. A wasa na 2, da abin ya ƙi, Nikita Kucherov, wanda ya fi kowa maki a gasar a shekarar, ya huce haushinsa a kan wani ɗan Columbus da ke durƙushe kusa da katanga, aka dakatar da shi wasa na 3. Aka share su 4 ba ko ɗaya. Ƙungiyar ba ta sayar da taurarinta ba, sai ta nemo masu aikin kusurwa irin su Pat Maroon da Blake Coleman da Barclay Goodrow ta haɗa da su.

A watan Agusta na 2020, a Toronto, babu ɗan kallo ko ɗaya saboda annobar korona, suka sake haɗuwa da Columbus. A wannan mataki babu bugun raba gardama. In an tashi kunnen doki sai a ƙara minti 20, a sake ƙara 20, har sai wani ya ci. Ran nan sai da aka shiga ƙarin lokaci na 5 kafin Brayden Point ya ci wa Tampa, bayan sama da minti 150 na wasa, wato wasa biyu da rabi a zama ɗaya. Golan Columbus, Joonas Korpisalo, ya tare harbi 85, mai tsaron bayansu Seth Jones ya yi sama da minti 65 a fili. A irin wannan dare ƙafa ta riga ta mutu, abin da ya rage shi ne wa zai ci gaba da tuna inda ya kamata ya tsaya. Tampa ta ɗauki kofin a shekarar, ta sake ɗauka a 2021. Mu da ke kallo daga nan, inda ake fara yawancin wasannin da ƙarfe 12 ko 1 na dare, mun san cewa ƙarin lokaci na 3 yana nufin kiran sallar asuba zai same ka a gaban allo.

Sai kuma batun ciwo, wanda shi ne ya fi jan hankali, kuma shi ne ya fi buƙatar a yi masa adalci. A lokacin waɗannan wasanni ƙungiya ba ta faɗin abin da ke damun ɗan wasanta. Iyakarta ta ce rauni ne a saman jiki ko a ƙasan jiki, domin in abokan karawa suka san wuyan hannu ne, wuyan hannun za su riƙa sara. Sai an fitar da ƙungiya, an yi layin musabaha da aka saba yi a tsakiyar fili bayan kowane zagaye, sannan a bayyana ainihin raunin. A 1964 harbin Gordie Howe ya karya idon sawun Bobby Baun na Toronto a wasa na 6 na zagayen ƙarshe. Aka fitar da shi a gadon ɗaukar majiyyata, aka kashe masa zafin wurin da allura aka ɗaure, ya dawo ya ci ƙwallon nasara a ƙarin lokaci, ya kuma buga wasa na 7 da Toronto ta ɗauki kofin. A 2013 Patrice Bergeron na Boston ya buga wasan ƙarshe da karyayyen haƙarƙari da yagaggen guringuntsi, kafaɗarsa ta goce ana cikin wasan, bayan an tashi aka kai shi asibiti aka gano huhunsa ya huje. A 2019 faifai ya farfasa muƙamuƙin kyaftin ɗinsu Zdeno Chara, yana da shekara 42. Aka ɗaure masa haɓa da waya da ƙarfe, har sai da ya amsa tambayoyin 'yan jarida a rubuce, kuma ya buga sauran wasa 3.

Ba na iya kallon waɗannan mutane ban ji girmansu ba, kuma ba na jin kunyar faɗin haka. Mutumin da ya ba da ƙafarsa domin kada a ci abokan aikinsa ya yi abin yabo a kowace al'ada. Amma Boston ta rasa kofin a 2013, ta kuma rasa a 2019, kuma babu wanda ke tambaya ko ɗan wasa mai lafiya da ke zaune a benci da ya fi mai rabin jiki amfani. Akwai kuma abin da ake sha kafin a iya fita. Tsofaffin 'yan wasa, ciki har da Ryan Kesler, sun fito sun faɗi yadda suka riƙa shan maganin kashe zafi mai ƙarfi wasa bayan wasa, Kesler ya ce hakan ya bar shi da ciwon hanji mai tsanani. Jiki magayi.

Inda na rabu da masu yabon komai shi ne kan kai. A wasa na 6 na zagayen ƙarshe a 2003, Paul Kariya, kyaftin ɗin Anaheim, ya miƙa faifai yana ratsa tsakiyar fili, Scott Stevens na New Jersey ya zo ta gefen da ba ya gani ya sa masa kafaɗa a kai. Kariya ya faɗi rigingine bai motsa ba. Kyamara ta matso kusa da fuskarsa, ana kallon gilashin hularsa, sai can aka ga numfashinsa ya turnuƙe gilashin, idanunsa suka buɗe. Aka riƙe shi aka fita da shi. Bayan 'yan mintuna ya dawo, ya sheƙa wa gola Martin Brodeur harbin da ya shige raga, filin ya kaure da ihu. Ba a hukunta Stevens ba, domin dokar lokacin ta halatta abin da ya yi. Shekaru ana nuna wannan ƙwallo a matsayin ƙololuwar jarumta. Daga baya Kariya ya bayyana cewa ba ya tuna wasan, ba ya tuna ƙwallon, ba ya tuna wasa na 7 da ya biyo baya. A 2011 ya bar wasa saboda illar girgizar ƙwaƙwalwa da ta taru masa.

Wanda ƙashinsa ya karye ya san abin da ya same shi, ya auna, ya zaɓa. Wanda ƙwaƙwalwarsa ta girgiza, abin da zai yi zaɓin da shi ne ya taɓu. Idan irin wannan ya ce zai koma fili, ba ƙarfin halinsa ke magana ba, kuma alhakin yana wuyan likita da kocin da suka buɗe masa ƙofa. A shekarar da Kariya ya yi ritaya, cikin wata 4 kacal, 'yan wasa 3 da aka sani da dambe suka mutu: Derek Boogaard mai shekara 28, Rick Rypien mai 27, da Wade Belak mai 35. Boogaard ya mutu ne sakamakon haɗa barasa da maganin kashe zafi, kuma da masu bincike na Jami'ar Boston suka duba ƙwaƙwalwarsa sun sami cutar CTE, wadda ake dangantawa da yawan bugun kai. Hukumar NHL ta kafa dokar hana nufar kai a 2010 ta faɗaɗa ta a 2011, daga baya ta sa masu sa ido da ke da ikon fitar da ɗan wasa a duba shi ko bai so. A 2018 ta sasanta da tsofaffin 'yan wasa sama da 300 da suka kai ta ƙara, a kan dala miliyan 18.9 har da kuɗin lauyoyi da na duba lafiya, abin da kowane mutum zai karɓa a hannu kusan dala 22,000 ne, ba tare da ta amsa laifi ba. Kuɗin bai kai abin da aka karɓa daga jikinsu ba.

Masu cewa waɗannan dokoki sun lalata wasan sun manta cewa an taɓa faɗin haka a kan abin rufe fuska. Har zuwa 1959 gololi da fuska a buɗe suke tsayawa. Ranar 1 ga Nuwamba ta shekarar, harbin Andy Bathgate ya tsaga fuskar Jacques Plante na Montreal, aka ɗinke shi, ya ce ba zai koma ba sai da abin rufe fuskar da yake atisaye da shi. Kocinsa Toe Blake bai so ba, wasu suka kira shi matsoraci. Yau babu mai hankalin da zai tsaya a raga babu shi.

Duk wannan bayani, mutum ɗaya ya tattara shi a rayuwarsa, shi ne Nazem Kadri, Musulmi ɗan asalin Labanon da aka haifa a garin Landan na lardin Ontario a Kanada. Kadri gwani ne, kuma mai zafin zuciya ne. A 2018, yana Toronto Maple Leafs, ya bangaje wani ɗan Boston da ke durƙushe a jikin katanga, aka dakatar da shi wasa 3, Toronto ta fita a wasa na 7. A 2019, da Boston ɗin dai, Jake DeBrusk ya buga abokin wasansa da katanga, Kadri ya taho ya dunguri DeBrusk da sanda a fuska, aka dakatar da shi har ƙarshen zagayen, Toronto ta sake fita a wasa na 7. Suka gaji suka musanya shi zuwa Colorado Avalanche. A 2021 ya sa wa Justin Faulk na St. Louis kafaɗa a kai, aka ba shi wasa 8, yana zaune aka fitar da Colorado. A biyun farko cewa za a yi yana kare 'yan'uwansa ne, kuma da yawa sun kira shi jarumi saboda haka. Amma sau uku ƙungiyarsa ta neme shi a lokacin da take matuƙar buƙatarsa, yana sama cikin kwat yana kallo.

A watan Mayu na 2022 Colorado ta sake haɗuwa da St. Louis. A wasa na 3, Kadri da wani mai tsaron bayan St. Louis suka bi faifai gaban raga suka faɗa kan gola Jordan Binnington, gwiwarsa ta taɓu, ya fita daga gasar. Alƙalai ba su ga laifi ba, hukuma ma ba ta gani ba. Amma cikin dare saƙonni suka yi ta zuwa wa Kadri da iyalinsa ta intanet, na zagin addininsa da asalinsa, har da barazanar kisa, sai da 'yan sanda suka shigo aka ƙara tsaro. Bayan kwana biyu ya fito wasa na 4 a gidan St. Louis, duk lokacin da ya taɓa faifai filin ya ɗauki ihu. Ana cikin wasa 'yan St. Louis biyu suka far masa, David Perron ya tura shi ƙasa da sanda ta baya ya hau kansa. Kowa ya san abin da Kadri na 2019 zai yi. Wannan karon bai rama ba. Aka tura mutum biyun horo, shi ya tashi ya koma wasa, kuma jim kaɗan bayan haka ya zura faifai a raga. Ƙwallo 3 ya ci a daren, Colorado ta yi nasara 6 da 3.

A zagaye na gaba Evander Kane na Edmonton ya tura shi ta baya ya faɗa katanga, babban yatsansa ya karye, aka yi masa tiyata. Ana zaton kakarsa ta ƙare. Bayan kwana 18, ranar 22 ga Yuni, ya dawo a wasa na 4 na zagayen ƙarshe da Tampa Bay, masu riƙe da kofin shekara 2 a jere. A ƙarin lokaci ya karɓi faifai, ya kutsa ta gefen mai tsaron baya, ya ɗaga shi ta ƙarƙashin hannun gola Andrei Vasilevskiy. Faifan ya maƙale a saman ragar daga ciki, har aka ɗauki 'yan daƙiƙu mutane suna neman inda ya shiga. Bayan kwana 4 Colorado ta ɗauki kofin, Kadri ya zama Musulmi na farko da aka rubuta sunansa a jikinsa a matsayin ɗan wasa.

A al'adar gasar kowane ɗan wasan ƙungiyar da ta yi nasara yana samun kwana guda da kofin, ya kai shi inda ya ga dama. A watan Agusta na 2022 Kadri ya kai shi garinsu, garin da shekara guda kafin nan wani mutum ya bi iyalin Musulmi da mota da gangan suna tafiya a gefen titi, ya kashe mutum 4 daga cikinsu. Daga masallacin garin ya fara, inda ya taso yana zuwa tun yana yaro. Ya fito da kofin a hannu ya ɗaga shi sama a harabar masallacin, yara da dattawa sun cika wurin.